Me ya sa ƙaryar gidanmu take fure amma ba ta 'ya'ya?

Ɗan Katsina ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina da tambaya a kan wata shuka da na gada a gidanmu, wadda na tabbata da yawa daga cikinku sun taɓa wucewa ta gabanta ba tare da sun san sunanta ba. A wajenmu ana kiranta ƙarya, ko da yake na ga wasu suna rubuta sunan kariya. Gajeriyar bishiya ce mai kaurin jiki, rassanta suna da laushi kamar an ɗura musu ruwa, fatarta toka-toka ce mai santsi, ganyenta kuma a ƙarshen reshe kawai yake taruwa. Idan hunturu ya kankama sai ta zubar da ganyen kusan duka, sa'annan a daidai lokacin da komai ya bushe a tsakar gida, sai ta ɓarke da furanni masu ruwan hoda, bakinsu ja-ja, maƙogwaronsu fari-fari, har baƙo ya tsaya yana tambayar sunanta.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ita ce ta dasa ta a bayan ɗakinta fiye da shekara 30 da suka wuce, kuma ita ce ta gaya mini cewa an ba ta wannan suna ne saboda karin maganar nan da ake cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tun ina yaro nake lura da ita, kuma gaskiya ban taɓa ganin ɗa ko guda ɗaya a jikinta ba. Furen zai buɗe, ya yi 'yan kwanaki, ya faɗo ƙasa, shi ke nan. Abin da nake so in sani shi ne ko haka halittarta take, wato ba ta da iri sam, ko kuwa akwai abin da ta rasa a gidanmu.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni shi ne, a 'yan shekarun nan na fara ganin masu sayar da furanni a bakin titi a Kano da Kaduna suna ajiye irin wannan shuka a cikin tukwane, amma tasu tana da wani ƙaton gindi kamar tulu, gajeriya ce, furenta ma wani lokaci ja wur ne ko fari fat. Ni kuwa na sha yankar reshe daga ta kakata in dasa, yana kamawa kuma yana fure, amma tsiriri yake tashi, gindin ba ya kumbura ko kaɗan. Bara kuma biyu daga cikin waɗanda na dasa a tukunya suka ruɓe a cikin watan Agusta. Da na taɓa gindinsu sai na ji ya yi laushi kamar dafaffen dankali. Ina roƙon wanda ya san wannan shuka ya yi mini bayani, domin ba na so in rasa abin da kakata ta bari, kuma ina da burin in ga 'ya'yanta da idona.

Malamar Tsirrai ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kakarka, ya sa ta huta. Maganar da ta faɗa maka ba ita kaɗai ta san ta ba, domin an daɗe ana alaƙanta sunan wannan shuka da halinta na yawan fure ba tare da 'ya'ya ba. Amma bari in kwantar maka da hankali tun daga farko: ƙarya tana 'ya'ya, tana da iri, kuma irin yana tsira da sauri fiye da na tsirrai da yawa. Abin da ya hana ta gidanku haihuwa yana cikin ginin furenta da kuma yadda mutanenmu suka saba yaɗa ta.

Sunanta a wajen masana tsirrai Adenium obesum, kuma tana cikin dangin da ake kira Apocynaceae, wato 'yar'uwar tumfafiya ce da yaɗiya da fataka da kwankwani. Wanda ya fara bayyana ta a rubuce a tsarin kimiyya shi ne Peter Forsskål, ɗalibin Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Sweden da ya tsara yadda ake ba tsirrai suna a kimiyya, wanda ya shiga ayarin bincike da Sarkin Denmark ya tura ƙasashen Larabawa a 1761. Ya gan ta a Yaman, kuma a can ya rasu a 1763. Sai a 1775 aka buga abin da ya rubuta. A 1819 wasu masana biyu, Roemer da Schultes, suka ware mata jinsi nata na kanta suka kira shi Adenium, sunan da ake dangantawa da birnin Aden na Yaman, kalmar obesum kuwa tana nufin mai ƙiba, saboda wannan gindin da ka gani a wajen masu sayarwa. A tsofaffin rubuce-rubuce kan tsirran Afirka ta Yamma za ka tarar an kira tamu Adenium honghel, amma yanzu an haɗe su a suna ɗaya. Tana fitowa da kanta tun daga Senegal da Muritaniya, ta bi yankin Sahel har Sudan da Habasha da Somaliya da Kenya da Tanzaniya, ta ƙetare zuwa kudancin yankin Larabawa. Saboda haka ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, kamar yadda wasu masu saye suke zato idan sun gan ta a tukunya mai tsada.

Yanzu ga batun fure. Ina so gobe da safe ka tsinki fure ɗaya, ka tsaga shi a tsaye da reza, ka duba cikinsa da kyau. Za ka ga furen kamar ƙaramar kakaki yake, tsawon bututunsa santimita 2 zuwa 5, bakinsa ya rabu gida biyar. A cikin bututun akwai wasu zaruruwa guda biyar masu gashi da suka miƙo har kusan bakin furen. Mutane da yawa suna ɗauka su ne suke ɗauke da garin fure, amma jela ce kawai. Idan ka bi su zuwa ƙasa za ka tarar kowannensu ya fito ne daga kan wani ɗan tsinke mai kama da kan mashi, kuma waɗannan guda biyar sun haɗa kai sun yi rumfa mai tsini kamar hular ɗakin ciyawa. Garin furen, wato sashen namiji, yana ɓoye a cikin wannan rumfa ta sama. Sashen mace kuma yana ƙarƙashinta, kuma wurin da yake karɓar garin ba a samansa yake ba, a ƙasan kansa yake, ta inda garin da ya zubo daga sama ba zai taɓa isa ba. Iska ba ta iya yin wannan barbara, zuma ma yawanci ba ta iyawa. Sai ƙwaro mai dogon baki siriri kamar zare, irin malam-buɗe-littafin nan mai yawon dare, wanda zai zura bakinsa ta tsagin da ke tsakanin tsinkayen yana neman zaƙi a ƙasan bututu. Sa'ad da yake janye bakin, sai garin da ya ɗebo daga wani fure ya kankaru a ƙasan kan macen, sa'annan bakin ya shafi wani danƙo, ya ɗebi sabon gari ya tafi da shi. A cikin gari, inda gidaje suka cushe kuma ake yawan fesa maganin sauro, irin waɗannan ƙwari ba su da yawa.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ina zaton shi ne ainihin matsalar gidanku. Mafi yawan tsirran ƙarya ba sa karɓar garin furen kansu. Kowane fure yana da namiji da mace a cikinsa, amma macen tana ƙin garin da ya fito daga jikin shukar da take kai, sai wanda ya zo daga wata shuka dabam da ta tsiro daga wani iri dabam. To, ka duba yadda ƙarya take yaɗuwa a garuruwanmu: wata ta ga ta maƙwabciyarta ta yi kyau, ta roƙi reshe, ta dasa, wata kuma ta karɓa daga wajenta. Bayan shekara 50 za ka iya samun ƙarya 20 a unguwa ɗaya, amma a haƙiƙa dukansu shuka ɗaya ce aka yayyanka. Ko ƙwaron ya zo ya yi aikinsa tsakaninsu, daidai yake da ya ɗauki gari daga reshe ya kai wa ɗan'uwansa a bishiya guda. Wannan ne ya sa kakanninmu suka ga fure shekara da shekaru ba su ga ɗa ba, har abin ya shiga bakin mutane.

Maganin abin shi ne ka nemo wata ƙaryar da ka tabbata ba daga ta kakarka ta fito ba, sa'annan ka yi barbarar da hannunka, kamar yadda manoman dabino suke ɗaukar furen namiji su kai wa mace, illa dai a nan aikin na tsinke ne da haƙuri. Ka zaɓi safiya kafin rana ta yi zafi. Daga shukar da za ta ba da gari, ka ɗauki furen da ya buɗe jiya ko yau, ka tsaga bututun, ka ja jelolin nan a hankali har rumfar ta buɗe, za ka ga garin fari-fari ya dunƙule a ciki. Ka lakato shi da tsinken sakace da ka ɗan jiƙa bakinsa. A shukar kakarka kuma ka zaɓi furen da ya kwana biyu ko uku da buɗewa, ka yaga gefe ɗaya na bututun ba tare da ka cire furen daga reshe ba, ka buɗa rumfar, ka shafa garin a ƙasan kan macen, ba a samansa ba, sa'annan ka mayar da furen yadda yake ka ɗaure da ɗan zare. Ka yi wa furanni da yawa, domin ba duka za su kama ba, kuma hannu sai ya saba. Wanda ya kama, bayan furen ya faɗi, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga wasu 'yan ƙahoni guda biyu kore sun leƙo daga mazauninsa. Su ne 'ya'yan, kuma za su yi ta tsawo, ɗaya ya nufi dama ɗaya hagu kamar ƙahon bijimi, har su kai kusan tsawon taƙi.

Mai Gandun Furanni ya rubuta:

Malama ta gama magana a kan fure, ni kuma zan ɗora daga inda ta tsaya, domin na fi shekara 10 ina renon wannan shuka ina sayarwa a Kaduna. Malam, amsar tambayarka ta biyu tana cikin amsar ta farko. Gindin nan mai kama da tulu, shukar da ta tsiro daga iri ce take yin sa tun tana 'yar wata biyu. Reshen da aka yanka aka dasa ba ya yin sa. Idan ya daɗe saiwoyinsa za su yi kauri a ƙarƙashin ƙasa, kuma za a iya ɗaga su sama su yi kyau, amma ba za su zama dunƙulallen tulu irin na ɗan iri ba. Saboda haka kada ka zargi hannunka ko ƙasar gidanku.

Idan Allah ya sa ƙahonin suka fito, za su ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su nuna. Da zarar ka ga sun fara sauya launi kuma wani layi ya bayyana a tsawonsu, ka naɗe su da zare ko ka sa musu 'yar jaka ta tsohon gidan sauro, domin ranar da suka tsage iska za ta kwashe irin gaba ɗaya. Ƙwayar irin doguwa ce siririya, kusan santimita 1, kuma tana da gashi mai laushi a kai biyu, ba kamar ta tumfafiya ba da take da shi a kai ɗaya. Ka cire gashin, ka shuka nan da nan, domin irin ƙarya ba ya jure ajiya. Wanda ya yi watanni a aljihun tebur yawancinsa ba ya fitowa. Ni ina kwantar da shi a kwance a kan yashi mai laima, in yayyafa masa yashi kaɗan da zai rufe shi kawai, in ajiye a inuwa mai haske. A lokacin zafi, kafin mako ya zagayo za ka ga sun fito. Kada ka bar yashin ya bushe ƙarƙaf a makonnin farko, domin jaririn bai tara ruwa a jikinsa ba tukuna. Wanda aka kula da shi da kyau yakan yi furen farko cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

Ruɓewar da ka gani a Agusta kuwa, ruwa ne ya kashe su, kuma ni ma na yi irin wannan asara a farkon fara sana'ata, na rasa tukwane da yawa a damina ɗaya. Wannan shuka ta wuraren duwatsu ce da tsakuwa, inda ruwan sama yake wucewa nan take. Idan aka sa ta a baƙar ƙasar fadama ko jar laka a cikin bokitin roba mai ƙaramar huda, marka ta sauka kwana uku a jere, saiwar ba ta samun iska sai ta mutu, ruɓar ta hau gindi. Haɗin da nake yi shi ne kashi biyu na yashin rafi mai gautsi, kashi ɗaya na dakakken gawayi ko ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa, da kashi ɗaya na takin shanu da ya shekara ya zama ƙasa. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, kuma mai faɗi marar zurfi ta fi mai zurfi. A huda ta da kyau, a ɗora ta a kan bulo domin kada ta zauna a cikin ruwa. A watan Agusta ina janye nawa zuwa ƙarƙashin rumfa inda rana take shiga amma ruwa ba ya dukansu. Idan ka riga ka ga laushi a gindi, ka tumɓuke shukar, ka yanke duk inda ya yi baƙi ko ruwan ƙasa da wuƙa mai tsabta har ka kai farin nama, ka barbaɗa toka ko garin farar wuta, ka rataye ta a inuwa kamar mako ɗaya ko fiye har wurin ya bushe, sa'annan ka mayar da ita cikin busasshen yashi. Sau da yawa tana rayuwa.

Mutane suna jin an ce shukar hamada ce sai su hana ta ruwa gaba ɗaya, wannan ma kuskure ne. A bazara, sa'ad da take fitar da sabon ganye kuma rana tana da ƙarfi, tana shan ruwa sosai. Ka ba ta har ya zubo ta ƙasan tukunya, sa'annan ka jira ƙasar ta bushe kafin ka ƙara. A hunturu ne, idan ta zubar da ganye, ake rage mata ƙwarai, musamman a wurare masu sanyi irin Jos, domin sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 tare da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kashe ta. Tana son rana ta sa'o'i shida ko fiye a wuni. A inuwa tsawo kawai take yi ba fure. Takin zamani kuma kaɗan ya isa, 'yan ƙwayoyin NPK a gefen tukunya lokacin da take girma, amma ka nisanci yuriya domin tana sa rassa su zube su yi laushi.

Masu ja wur da fari fat da masu fure ninki biyu da ka gani, yawancinsu an samar da su ne a Thailand da Taiwan, inda aka daɗe ana haɗa nau'o'i ana zaɓe. Irinsu ba ya maimaita launin uwa daidai, shi ya sa ake yi musu aure kamar mangwaro: a yanke kan ɗan iri mai kyakkyawan gindi a kwance, a ɗora guntun reshen mai kyakkyawan fure a kai, a rufe da leda a ɗaure, bayan kamar mako biyu sun haɗe. Ka iya yi wa ta kakarka haka, ka aura reshenta a kan gindin ɗan iri, ka sami furenta na asali a kan tulun da kake sha'awa.

Baba na Marwa ya rubuta:

Ɗana, ni dattijo ne, kuma na girma a Marwa ta arewacin Kamaru, inda wannan shuka take fitowa da kanta a jikin duwatsu, ba wanda ya dasa ta. Ina mai shaida maka cewa maganar Malama gaskiya ce, domin a dawa na sha ganinta da ƙahoninta biyu, na kuma ga gashin irin yana tashi a iska. Waɗanda suke can kowace daga irinta ta tsiro, shi ya sa suke haihuwa, kuma kowace da nata ƙaton gindin, wani ya fi tulun ruwa girma, ya cusa kansa a tsakanin duwatsu. Launin furensu ma ba ɗaya ba ne, wata ta fi wata ja.

Abin da ya sa na sa baki shi ne ban ga wanda ya yi maganar dafinta ba, alhali kuna ta maganar yanka da tsaga da tsinken sakace. Ruwan nan mai danƙo da yake fita daga jikinta guba ne mai kisa. Maharban da suna dafa shi su shafa wa kibiya, kamar yadda ake yi da kwankwani, kuma ana zuba dakakken jikinta a kududdufi domin kifi ya taso. Tsinken da ka taɓa fure da shi kada ya koma bakinka, wuƙar da ka yanka ta da ita kada ta shiga madafa sai an wanke ta da sabulu, kuma ka kiyaye idonka. Rassan da ka sare kada ka jefar da su inda awaki za su samu. Yawanci dabba tana ƙin ta saboda ɗaci, amma akuyar da take ɗaure cikin yunwa a ƙarshen rani ba ta zaɓe. Idan akwai ƙananan yara a gidan, ka ɗaga tukwanen sama, domin furen yana jan hankalinsu.

Roƙona na biyu ga duk mai karanta wannan shi ne kada sha'awar gindin ta sa a riƙa zuwa dawa ana tumɓuko tsofaffin tsirrai domin sayarwa. Wadda ka gani da gindi kamar tulu a jikin dutse ta yi shekaru masu yawa kafin ta kai haka, kuma idan aka cire ta yawanci saiwarta tana tsinkewa ta mutu a tukunya. Mai so ya jira lokacin 'ya'ya, ya ɗebi ƙaho ɗaya ya bar sauran.

Malamar Tsirrai ta sake rubutawa:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya kamata a ce da wannan gargaɗin na fara. Gubar da ke jikinta tana cikin rukunin sinadaran da suke aiki a kan zuciya, dangin maganin nan digoxin da likitoci suke bayarwa da awo mai tsanani, kuma an gano irinsu kusan 30 a wannan shuka. Suna rikita bugun zuciya, kuma alamun farko su ne amai da zawo da jiri da raguwar bugu. Har yanzu mafarautan Hadza na Tanzaniya suna yin dafin kibiya da ita, a Namibiya ma ana yi da 'yar'uwarta Adenium boehmianum. Saboda haka duk wanda aka ce masa ya jiƙa saiwarta ko ɓawonta ya sha domin wata cuta, kada ya yarda, domin tsakanin abin da ake kira magani da abin da yake kisa babu tazarar da za a iya aunawa a gida. Idan yaro ya tauna wani sashe nata, a kai shi asibiti nan take tare da guntun shukar, kada a jira alamu.

Ina da ɗan ƙarin bayani a kan na Thailand ɗin nan da Mai Gandun Furanni ya ambata. Idan Malam ya sayo 'yar Thailand ya yi barbara da ita, zai sami 'ya'ya, amma jikokin za su zama gauraye, ba irin ƙasarmu zalla ba. Ni da zan zaɓa, da na nemo abokiyar barbara daga wani gari mai nisa a cikin tsofaffin da suke gidajen mutane, ko daga irin dawa kamar yadda Baba ya ce, domin tamu ta saba da hunturunmu da zafin Afrilu da Mayu, kuma babu wanda yake adana ta da gangan yayin da na waje suke cika kasuwa. Game da ƙwari kuma, darɓar nan rawaya da kake gani a tumfafiya ita ce take hawa ƙarya, ruwan sabulu kaɗan ko jiƙon dalbejiya yana korar ta, manyan tsutsotsi kore masu cin ganye kuwa a tsince su da hannu. Ina ba da shawarar a guji fesa maganin ƙwari mai ƙarfi lokacin fure, domin yana kashe baƙin da ake fatan su zo su yi barbarar da kansu.

Ɗan Katsina ya sake rubutawa:

Malama, Baba, da Mai Gandun Furanni, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na tsaga furen kamar yadda aka ce, na ga jelolin biyar da rumfar da garin a cikinta, kuma na wanke hannuna da rezar da sabulu bayan na gama. Na kuma zaga unguwarmu na tambaya, sai na tarar gidaje huɗu da suke da ƙarya dukansu daga wajen kakata suka karɓi reshe, ita kuma gwaggona ta ce daga gidan iyayenta ta zo da nata lokacin da aka kawo ta amarya. Akwai wani abokin aikina ɗan Gumel da ya ce akwai wata tsohuwar ƙarya a gidansu mai furen da ya fi namu duhu, kuma ya yi alkawarin kawo mini reshe idan ya je gida ƙarshen wata. Kafin nan zan sauya wa sauran tukwanena ƙasa da yashi da gawayi, in kuma matsar da su daga inda awakinmu suke kwana.